Na dasa lemo a gidan haya, yanzu an ce in tashi: ina riƙon amana a nan?

Ɗan_Haya:
Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ina da wata damuwa da nake so iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure su taya ni dubawa. Shekara biyar ke nan ina zaune a wani gidan haya mai ɗan fili a bayansa, wanda tsawonsa bai wuce taku 12 ba. Ranar da na tare, filin nan juji ne, cike da fasassun kwalabe da leda da guntayen bulo, ƙasar kuwa ta yi tauri har fartanya takan yi tsalle idan na sara. Da izinin mai gida na kwashe sharar, na riƙa binne busassun ganyaye da kashin kaji kowace shekara, har ƙasar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana ta fara fitowa a cikinta idan an yi ruwa. A shekarar farko na dasa ɗan itacen lemo, kuma sai bana ya fara fure. Makon da ya wuce mai gida ya sanar da ni cewa ya sayar da gidan, yana so in tashi nan da wata uku.

A ikkilisiya idan aka yi wa'azi a kan riƙon amana, galibi maganar zakka da baiko ake yi, ni kuwa na daɗe ina ɗaukar lambun nan a matsayin amanar da Allah ya ba ni. Amma ba zan ɓoye muku ba, tun da aka ba ni wannan sanarwa zuciyata take raya mini in tumɓuke itacen, in kwashe ƙasar a buhuna, in bar musu filin yadda na same shi. Shin wahalar banza na sha? Kuma shin da gaske aikin lambu yana koya wa mai bi riƙon amana, ko kuwa muna ɗaukar abin da muke sha'awa ne kawai mu lulluɓe shi da ayoyi?

Mama_Rifkatu:
Ɗana, sannu da wannan abu, na san akwai zafi. Amma kada ka ɗora gatari a kan itacen nan, domin bai yi maka laifin komai ba. Ka buɗe Littafin Firistoci 25:23, inda Ubangiji ya gaya wa Isra'ilawa cewa ƙasar tasa ce, su baƙi ne masu zaman ɗan lokaci a wurinsa. Ni da nake zaune a gidan da marigayi mijina ya gina, takarda ce kawai ta bambanta ni da kai, domin ni ma za a ce in tashi wata rana, kuma ba lalle a ba ni wata uku ba.

Mai_Shakka:
Mama, da girmamawa, ina ganin mun yi saurin shiga wa'azi. Mutumin nan ya zuba gumi da kuɗinsa na shekara biyar, ya mai da juji lambu, kuma ba mamaki wannan gyara yana cikin abin da ya ɗaga darajar gidan a idon mai saye. Kafin a ce masa ya yi haƙuri, ya kamata a tambaya ko mai gidan ya yi masa adalci. Mai riƙon amana a Littafi Mai Tsarki shi ne wanda ubangidansa ya naɗa, ya danƙa masa kaya, zai kuma nemi lissafi daga gare shi. Wannan mai gida bai naɗa ɗan'uwanmu komai ba, haya ya ba shi. Game da tambayarsa ta biyu kuwa, ra'ayina shi ne mu masu lambu mun cika son kai. Mai gyaran mota ma yana kula da abin da ba nasa ba kullum, amma ban taɓa jin an ce garejinsa makarantar ruhaniya ba ce.

Ɗalibin_Tauhidi:
Yaya Mai_Shakka yana da gaskiya a kan ma'anar kalmar. A Helenanci, wanda aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalmar ita ce oikonomos, wato wakilin da yake tafiyar da gidan wani da dukiyarsa, kamar wanda aka ba da misalinsa a Luka 16. Inda na rabu da shi shi ne a kan wane ne ubangidan. Zabura 24:1 ta ce duniya da dukan abin da yake cikinta na Ubangiji ne, saboda haka naɗin bai fito daga mai gidan haya ba, ya fito ne tun daga Farawa 2:15, inda Allah ya sa mutum a gonar Aidan domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Kalmomin Ibrananci biyu da suke wurin, abad da shamar, su ne kuma aka yi amfani da su a Littafin Ƙidaya 3:7-8 a kan hidimar Lawiyawa da tsaron da suke yi wa alfarwa ta sujada. Ya kamata kuma mu lura cewa an ba da wannan aiki tun kafin faɗuwar mutum. Ƙaya da sarƙaƙƙiya da gumin goshi ne suka shigo a sura ta 3, amma aikin kansa ya riga zunubi zuwa. Batun mai gyaran mota kuwa, ni ban ga abin da zai hana garejinsa zama makaranta ba. Lambu dai ya fi saurin tona asirin mutum ne, domin abin da kake kula da shi mai rai ne, kuma ba ka da iko a kan ruwan sama ko rana.

Malamar_Gona:
Bari in sauko da maganar ƙasa, tun da aikina ke nan. Ɗan'uwa, itacen lemo mai shekara biyar ba abin tumɓukewa ba ne cikin sauƙi. Ƙananan saiwoyin da yake sha da su ba su da zurfi sosai, amma sun bazu har sun wuce inda inuwarsa take kaiwa, kuma idan ka haƙa kusa da gindinsa za ka yanke mafi yawansu. Zai zubar da furen nan, ya kakkaɓe ganye, kuma abu ne mai yiwuwa ya mutu gaba ɗaya, ka tashi ba tsuntsu ba tarko. Ƙasar da kake son kwashewa ma haka take. Abin da ya sa ta yi baƙi da laushi shi ne ruɓaɓɓen ganye da halittun da suke rayuwa a cikinta, tun daga tana har zuwa ƙwayoyin da ido ba ya gani, da kuma 'yan ƙofofin iska da suka huda. Idan ka cusa ta a buhu ka jibge a rana, ka rushe yawancin wannan gini. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka yanki reshe mai lafiya daga itacen, a yi masa aure da wani ƙaramin dashe. Tun da uwar ta riga ta fara fure, ɗan auren zai yi 'ya'ya da wuri fiye da wanda aka shuka daga ƙwallo.

Dattijo_Mai_Kabewa:
'Ya'yana, ni zan ba ku labarin laifina ne, domin a wurin na koyi abin da kuke muhawara a kai. Wata shekara ƙwari suka far wa kabewata, raina ya ɓaci, na sayo maganin feshi mai ƙarfi. Ban tsaya karanta takardar da take jikin kwalbar ba, na zuba ninki biyu na abin da ya kamata, na kuma yi feshin da hantsi, daidai lokacin da furanni suke buɗe. Washegari na fito na tarar da ƙudan zuma a kwance cikin furannin, wasu sun mutu, wasu suna jan ƙafa. Ƙwarin sun tafi, ganye ya yi kore shar, amma 'yan kabewar da suke gindin fure sai su yi rawaya su faɗi tun ba su kai ƙwan kaza ba. A lokacin ne wani maƙwabci ya nuna mini cewa kabewa tana da fure namiji da fure tamace dabam dabam, kuma zuma ce take kai garin wannan zuwa wancan. Sauran wannan damina, ni da furfurata, kowace asuba ina durƙushe ina tsinko namijin fure ina goga shi a cikin tamacen ɗaya bayan ɗaya, ina yin aikin ma'aikatan da na kashe da hannuna. Tun ina yaro na haddace Farawa 1:28 cewa an ba mutum mulki a kan halitta, amma sai a kan gwiwoyina na gane cewa mai mulkin da bai san talakawansa ba, kansa yake yi wa ɓarna.

Tsohon_Malami:
Labarin Baba ya taɓo wata tsohuwar gardama. A shekarar 1967 wani masanin tarihi ɗan Amurka, Lynn White, ya wallafa wata maƙala inda ya ɗora wa Kiristancin ƙasashen Yamma babban kaso na alhakin lalacewar muhalli, bisa hujjar cewa koyarwar mulki a kan halitta ta sa mutane suna ganin komai an yi shi ne domin amfaninsu kaɗai. Bai kamata mu yi fushi mu watsar da zargin ba, domin akwai masu bi da suka yi wa duniya riƙon sakainar kashi suna kafa hujja da wannan aya. Sai dai ba wannan ne kaɗai abin da magabata suka koyar ba. A ƙarni na 6, Benedict, wanda ya kafa gidan sufaye a Monte Cassino ta ƙasar Italiya, ya rubuta a cikin ƙa'idarsa cewa ma'ajin gidan ya ɗauki dukan kayan aiki kamar tsarkakan tasoshin bagade. Ku duba fa, har fartanya da tukunya. John Calvin kuma, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikkilisiya a ƙarni na 16, a sharhin da ya yi wa Farawa 2:15, ya ce mai gona ya ci amfaninta ta yadda ba za ta lalace saboda sakacinsa ba, ya kuma yi ƙoƙarin miƙa ta ga na baya kamar yadda ya karɓe ta, ko ma fiye da haka. A 2015 Fafaroma Francis ya fitar da doguwar wasiƙa a kan kula da duniya, ya kuma koma ga wannan aya ɗin. Ɗan_Haya, idan aka auna ka da ma'aunin Calvin, ka riga ka ci jarrabawa, saura kawai kada ka yaga takardar a bakin ƙofa.

Mai_Shakka:
Malam, na karɓi tarihin, amma ina tsoron inda maganar take dosa. Daga labarin Baba sai wani ya fita da tunanin cewa feshi zunubi ne, takin zamani kuma rashin bangaskiya ne. A misalin talanti na Matiyu 25, wato kuɗin da ubangida ya danƙa wa bayinsa uku, bawan da aka hukunta shi ne wanda ya binne abin da aka ba shi ya dawo da shi lafiya lau ba riba. Ubangidan riba yake nema. Mai ɗan lambun bayan gida yana iya wasa da fure da asuba, amma wanda yake ciyar da mutum goma daga gonarsa ba zai tsaya kallon tsutsa tana cinye abincin 'ya'yansa ba.

Dattijo_Mai_Kabewa:
Ɗana, ban ce feshi zunubi ba ne. Har gobe ina yi idan ta kama, amma da yamma bayan zuma ta koma, kuma da awon da aka rubuta. Zunubina fushi ne da ƙin karatu.

Malamar_Gona:
Na goyi bayan Baba. Ba mai hankalin da zai hana manomi taki, amma yawansa yana ƙona saiwa, yana tara gishiri a ƙasa, ragowar kuma ruwa ya wanke shi zuwa rafi da rijiyar maƙwabta. Ribar da za ta cinye uwar kuɗi ba riba ba ce, kuma uwar kuɗin manomi ita ce ƙasar saman nan, wadda idan aka bar ta ga halitta kawai sai an yi ɗaruruwan shekaru kafin a sami kaurin yatsa ɗaya. Misalin da nake yawan bayarwa shi ne na George Washington Carver, baƙar fata ɗan Amurka wanda aka haifa cikin bauta, mai bi ne kuma masanin tsirrai. Ya je Tuskegee a jihar Alabama a 1896, ya tarar da gonakin talakawa sun gaji saboda shuka auduga shekara da shekaru ba sauyi. Bai ce musu su daina neman riba ba. Ya koya musu su riƙa juya shuka da gyaɗa da wake, domin irin waɗannan tsirrai suna da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsu inda wasu ƙwayoyin halitta suke kama sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin shuka. Duk wanda ya tuge wake ya duba saiwarsa zai gan su, kuma idan ka fasa ɗaya ka ga cikinsa ja-ja, to yana aiki.

Fasto_Y:
Salama, 'yan'uwa. Na bi maganganunku tun daga farko, kuma ina so in tsaya a kan misalin talanti, domin ɗan'uwa Mai_Shakka ya ɗauki rabinsa ne. Wanda aka ba biyar ya kawo biyar, wanda aka ba biyu ya kawo biyu, kuma yabon da ubangidan ya yi musu iri ɗaya ne kalma da kalma, ya kira kowannensu bawan kirki mai aminci. Da yawan riba ne ma'auni, da ba a yabe su daidai ba. Haka Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 4:2, abin da ake nema ga mai riƙon amana shi ne a same shi da aminci. Wani abin lura kuma shi ne, dukan bayin nan uku, har masu ribar, sun mayar wa ubangidansu da komai, uwa da riba. Ba wanda ya ce talanti biyar na farko naka ne, na biyun kuwa gumina ne.

Shari'ar Musa ta sa wa riba iyaka ta hanyoyin da mai lambu zai gane nan da nan. A Firistoci 25 an ce a nomi ƙasa shekara shida, a ta bakwai a bar ta ta huta. A Firistoci 19:9-10 an hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙarƙaf ko komawa yin kala, domin wannan rabon matalauci ne da baƙo. A Maimaitawar Shari'a 20:19 an hana sojojin da suka kewaye birni da yaƙi sare itatuwa masu 'ya'ya. Marubucin 2 Tarihi 36:21 ma ya danganta shekara 70 na zaman bauta a Babila da hutun da ƙasar ta samu a ƙarshe. Ba ina cewa waɗannan dokoki suna kanmu harafi da harafi ba ne, an ba Isra'ila ne a ƙasarta, amma suna nuna mana halin Mai ƙasar. Ɗan_Haya, akwai wadda ta yi kama da taka a Firistoci 19:23-25: idan an dasa itace, shekara uku ba a cin 'ya'yansa, na shekara ta huɗu na Ubangiji ne, sai a ta biyar mai dashe zai ci. Ko a ƙarƙashin Shari'a, nunan fari ba na wanda ya dasa ba ne. Duk da haka ban raina maganar adalci ba. Ka je wurin mai gidan cikin ladabi ka gaya masa abin da ka kashe, domin neman haƙƙi da baki ba cin amana ba ne. Sare itace don huce haushi kuwa wani abu ne dabam.

Ƙanwar_Kowa:
Iyayena, ku gafarce ni in sa baki, ko da yake ni ko taku ɗaya na ƙasa ba ni da shi. A bene nake zaune, lambuna kuwa tsofaffin bokitai shida ne da na huda gindinsu na jera a baranda. Abin da ya fi koya mini darasi shi ne tumatir ɗina na farko, wanda na kashe da ƙauna. Safe da yamma ina ba shi ruwa, da na ga ganyen ya yi laushi sai na ƙara, ashe saiwar ce take ruɓewa don ba ta samun iska. Ranar da na juye bokitin, wari ne ya fara tarbata. Tun daga nan nake tura yatsa cikin ƙasar kafin in ɗauki buta. Na ga irin wannan hali a yadda nake riƙe ƙannena da aka bar mini, ina yi musu abin da zai kwantar mini da hankali, ba abin da suke bukata ba. Abu na biyu da har yanzu yake mini wuya shi ne rage tsiro. Ka shuka iri takwas duk su fito kyawawa, sannan a ce sai ka cire shida domin biyu su rayu.

Bawan_Allah_22:
Wannan muhawara ta tuna mini da maganar Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya ɗan Jamus, cewa ko da ya san gobe duniya za ta tashi, yau zai dasa itacen tuffa. Ɗan_Haya, ka riƙe wannan.

Tsohon_Malami:
Ɗan'uwa, maganar tana da daɗi, amma masu bincike ba su same ta a rubuce-rubucen Luther ba, jingina masa aka yi daga baya. Ba ma bukatar aro, domin muna da wadda ta fi ta ƙarfi. A Irmiya 29:5 annabin ya rubuta wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila cewa su gina gidaje, su dasa lambuna su ci amfaninsu, alhali a ƙasar waɗanda suka ci su da yaƙi suke, kuma an gaya musu cewa zaman na shekara 70 ne. A sura ta 32 kuma, lokacin da sojojin Babila suke kewaye da Urushalima, shi kansa yana tsare, Irmiya ya sayi gona a Anatot a kan shekel 17 na azurfa, ya sa aka adana takardun cinikin a cikin tulun yumɓu domin su daɗe. Ko a wancan lokaci ba a rasa masu cewa asarar kuɗi ya yi ba.

Ɗan_Haya:
Na gode muku duka, iyaye da yayye. Na karanta kowace amsa fiye da sau ɗaya. Baba Fasto, maganarku a kan bayin da suka mayar da uwa da riba ta hana ni barci, domin ta nuna mini cewa ba asarar lemon ce take ci mini rai ba. Abin da yake damuna shi ne wani zai zauna a inuwar nan, ya tsinki 'ya'yan, bai ma san sunana ba. Shekara biyar ina cewa lambun Allah ne, ashe a can ƙasan zuciyata na rubuta sunana a jikinsa. Na je wurin mai gidan kamar yadda kuka ce. Ya saurare ni, ya yafe mini hayar wata ɗaya, amma ya gaya mini cewa wanda ya sayi gidan yana da niyyar ƙara ɗakuna a bayan, wato ta yiwu a sare itacen a zuba siminti a kan ƙasar. Yanzu ban san ko in ci gaba da ba shi ruwa a watannin da suka rage ba.

Mai_Shakka:
To, ga inda nake tun farko. Duk mun ce ya bar wa na baya, ga shi na bayan siminti zai zuba. Idan amfanin bai kai ga kowa ba, sai a gaya mini wa aka riƙe wa amanar. Ina jin daɗin hayar wata ɗaya da aka yafe, wannan aƙalla abu ne da ake iya ƙirgawa. Amma a ganina darasin da ya fi dacewa a nan shi ne mai hikima ya yi yarjejeniya a rubuce kafin ya dasa itace a filin wani, ya kuma tsaya ga kayan lambu masu wata uku ko huɗu. Yesu da kansa ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi.

Mama_Rifkatu:
Ɗana Mai_Shakka, shawararka ta yarjejeniya mai kyau ce, kuma zan gaya wa jikokina. Amma ka ce amfanin bai kai ga kowa ba, alhali shekara biyar iyalin yaron nan suna cin ganye da tumatir daga wurin da dā kwalabe ne, kuma na tabbata maƙwabta ma sun ɗanɗana. Kai kuma Ɗan_Haya, ka ba itacen ruwa. Muddin makullin gidan yana hannunka, ƙishirwarsa a wuyanka take. Abin da mai saye zai yi bayan ka miƙa makulli, shi zai amsa, ba kai ba. Na yi jinyar mijina wata takwas bayan likita ya gaya mana cewa ba zai tashi ba, kuma ban rage masa ko cokali ɗaya ba saboda wannan.

Ɗalibin_Tauhidi:
Maganar Mama ta sa na koma Luka 13:6-9. Mai gonar inabi ya ce a sare itacen ɓaure da ya shekara uku ba 'ya'ya, sai mai kula da lambun ya roƙa a ƙara masa shekara ɗaya ya yi masa kaftu ya zuba taki. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai yau shi ne, ba a gaya mana ko itacen ya yi 'ya'ya ba, kuma hukuncin sarewa bai taɓa zama a hannun mai lambun ba. Abin da yake hannunsa roƙo ne da taki. Wataƙila Ɗan_Haya zai iya yin irin wannan roƙo wurin sabon mai gidan, ya nuna masa furen da idonsa, ya tambaye shi ko za a iya ja da ginin taku biyu.

Mai_Shakka:
Roƙon ba laifi, amma kada a sa masa rai. Wanda ya sayi gida don ya ƙara ɗakunan haya ba fure yake lissafawa ba. Har yanzu ban gamsu cewa lambu ya fi kowace sana'a koyar da amana ba, sai dai na yarda cewa na daina ba da shawarar a bar itacen ya bushe, idan ma na taɓa nufin haka.

Malamar_Gona:
Ɗan_Haya, idan za ka yi auren, kada ka jira makon tashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi dashen lemo mai kaurin fensir tun yanzu, ka ajiye shi a babban bokiti. Ka zaɓi reshen da ya yi ƙwari amma bai tsufa ba, mai idanu a jikinsa, ka yanka da safe da wuƙa mai kaifi da tsabta, ka cire ganyen ka bar 'yan sandunan da suke riƙe su, ka nannaɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma har ka kai wurin mai yin auren a ranar. Bayan mako uku ko huɗu za a kwance ɗaurin, idan idon yana kore to ya kama. Ka yi guda uku ko huɗu, domin ba duka suke kamawa ba.

Ƙanwar_Kowa:
Yaya Ɗan_Haya, idan fiye da ɗaya ya kama, ina roƙon guda. Anti Malamar_Gona, shin lemo zai iya zama a bokiti a baranda har ya yi 'ya'ya, ko kuwa dole sai an sauke shi ƙasa? Barandata tana samun rana daga hantsi zuwa azahar ne kawai.